Yadda Ake Ƙara Fayafayan Ajiya a Akwatin Sabar Gida

A sabar gida, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli don sauran na'urorin gida, samun wurin saka faifai shi ne aiki mai sauƙi. Matsalar wutar lantarki da zafi ne ke kashe fayafayai, balle a nan Maradi inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40.

Fara da awo. Faifai mai inci 3.5 yana da faɗin milimita 101.6, kauri kusan 26, tsawo 147. Idan akwatinka tsoho ne mai gurbin DVD na inci 5.25 a gaba, ka yi sa'a: gurbi uku suna ɗaukar keji, wato ma'ajin ƙarfe da ake jera fayafayai a ciki, mai fayafayai biyar, gurbi biyu kuma mai uku. Wasu akwatunan suna da ƴan harsunan ƙarfe tsakanin gurbi da gurbi, sai ka lanƙwashe su da filaya kafin kejin ya shiga. Ɗaure kowane faifai da sukuru huɗu samfurin 6-32, gajeru, don dogo yana iya taɓa allon faifan. Sa zoben roba in akwai, saboda jijjigar fayafayai da yawa tana rage saurin karatu. Kada a kwantar da faifai a ƙasan akwati ba ɗauri.

Sai wuta. Faifai ɗaya yana cin wat 5 zuwa 8 in yana aiki, amma a lokacin tashi yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12, wato wajen wat 24. Fayafayai takwas ke nan sun kusa wat 200 cikin daƙiƙun farko. Shi ya sa za ka ji faifai yana ƙas-ƙas, ko ya ɓace bayan an maido wuta. Duba adadin amfiya na bolt 12 a jikin akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, kuma kada waya ɗaya ta ɗauki fiye da fayafayai huɗu. Guji mahaɗin wuta na Molex (tsohon baki mai fil huɗu) zuwa SATA (bakin da faifai ke amfani da shi) mai kai narkakken roba, irinsa ne ke kamawa da wuta. Ondilar kuwa, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, dole ne, ganin yadda ake ɗauke wuta da rani.

Babban allon kwamfuta, inda ake jona wayoyin bayanai na fayafayai, yawanci ƙofar SATA huɗu zuwa shida gare shi. In sun ƙare, nemi katin ƙarin ƙofofi na LSI 9211-8i a yanayin IT, wato yanayin da yake nuna wa kwamfuta kowane faifai shi kaɗai. Bakinsa biyu ne na SFF-8087, kowanne waya ɗaya mai rassa huɗu. Ka tabbata wayar mai fita daga kati zuwa fayafayai ce, akwai ta akasin haka, kamarsu ɗaya, kuma ba za ta ga faifai ko ɗaya ba. Katin nan don akwatunan da iska ke kaɗawa sosai aka yi shi, saboda haka ɗaura masa ƙaramar fanka ta milimita 40.

A gaban kowane keji sa fanka ta milimita 120 tana tura iska ta ratsa tsakanin fayafayan, wata a baya tana fitarwa. Duba zafi da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, bayan awa ɗaya ana kwafar manyan fayiloli. Ƙasa da digiri 45 ake so. In na tsakiya ya kai 50, cire ɗaya ka bar tazara. Da hunturu ƙura kan toshe ragar gaba da sauri, a kakkaɓe ta kowane mako, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa.

Rubuta lambar kowane faifai a gefen da ake gani, don ranar da ɗaya ya mutu kada ka zare mai lafiya.