Likitocin haƙori, ku duba abin da ke shiga aljihu

'Yan uwa, in an ba ku zaɓi tsakanin aikin albashi da na kwangila, kada ku tsaya kan kason kuɗin aiki da aka rubuta za a ba ku a takarda. Ku lissafa abin da zai rage muku a ƙarshen shekara.

Kason ɗan kwangila ya fi cika ido, amma komai a wuyansa yake. A Amurka, ma'aikaci yana biyan kashi 7.65 cikin 100 na harajin fansho da lafiyar tsofaffi, mai asibiti ya biya ɗaya rabin. Ɗan kwangila shi kaɗai zai biya kashi 15.3. Ga inshorar kuskuren aiki, ga ta lafiya, ga sabunta lasisi. Ranar da ya yi hutu kuwa, babu ko sisi.

Inda aka fi cutuwa: kason daga farashin aikin da kuka yi ne, ko daga kuɗin da ya shigo hannun asibiti? Wa ke biyan masu ƙera haƙorin roba? Don Allah ku tambaya, a rubuta.

Wannan lissafin ba ya ci a sabon asibiti da ba a san yawan majinyatansa ba. A can ku nemi a yanka muku mafi ƙarancin kuɗin yini.