Ga sababbin zuwa Atina: cin abinci a taberna ta unguwa

Wanda ya sauka a Kipseli ko Patisiya, unguwanni a Atina babban birnin Girka, ba zai daɗe ba abokin aiki ko mai gidan haya zai gayyace shi taberna, wato ƙaramin gidan abinci na unguwa. Ku amsa gayyatar, domin a kan teburin nan Girkawa ke ƙulla zumunci. Tsarin ba shi da wuya: ana cin abincin dare wajen ƙarfe tara, a jera kwanuka a tsakiya kowa ya ɗiba, kuma ba a kawo lissafi sai an nema.

Inda 'yan'uwanmu ke tuntuɓe shi ne wajen nama, kuma abin yana ci mini rai, domin tambaya ɗaya ta isa ta kare mutum. Naman da kuke gani yana juyawa a jikin ƙarfe kamar shawarma, wanda suke kira giros, a ƙasar Girka galibinsa alade ne, haka ma suvlaki da ake soke wa a tsinke. Akwai na kaza, amma sau da yawa wuƙa ɗaya da wurin gashi ɗaya ake amfani da su. Niƙaƙƙen naman da ke cikin musaka (gasasshen gauta da nama) ko keftedes (ƙwallayen nama) kuwa, wasu masu girki suna haɗa na shanu da na alade, kuma ido ba ya rarrabewa. Na taɓa zama da wani matashi da bai daɗe da zuwa ba, wanda kunya ta hana shi tambaya a gaban mai gidansa. Ya cinye faranti guda kafin ya san abin da ke ciki, ya kwana cikin damuwa. Mutanenmu da suka daɗe a nan sun yi suna da cewa ba sa ɓoye addininsu, kuma masu taberna suna girmama su a kan haka, don haka ban ga dalilin da sabon zuwa zai yi shiru ba.

Giya ma tana shiga tukunya. Da ita ake dafa stifado, wato dahuwar nama da albasa, girkin jatan lande da ake kira saganaki kuma akan zuba masa uzo, wata barasa ta Girkawa. Batun rago da ba Musulmi ya yanka ba, kowa ya tuntuɓi malaminsa tun kafin ya zauna.

Abin da ya rage yana da yawa, yana kuma ƙosarwa: miyar wake ta fasolada, idan ba a sa mata tsiran alade ba, da gigantes, wato girkin manyan wake, da briam na kayan lambu da man zaitun, da soyayyun ƙananan kifi. A azumin Kiristocin Otodoks kafin Ista, girkin da babu nama ko madara yana ƙaruwa sosai.

A ƙarshe mai taberna kan kawo kyauta. Idan kankana ce ko halawa, ku ci ku yi godiya. Idan ɗan ƙaramin kofi ne mai ruwa garau, barasa ce da ake kira tsipuro ko raki, ku mayar cikin ladabi. Ku karɓi rasit kafin ku biya, domin doka ta ba ku wannan haƙƙi.