Yadda Auren Mangwarona Ya Kama a Karo na Biyu

Dashen mangwaro 10 na aura, wato na haɗa wa kowanne reshen wani mangwaron, a bayan gidanmu a Rigasa cikin Janairu, duk rassan suka bushe. Raina ya ɓaci sosai, don shekara guda na yi ina renonsu daga ƙwallo.

Wani dattijo mai gandun dashe a Kawo ya duba, ya ce, "Ɗana, iskar hunturu ta shanye maka reshen, kuma ɓawo bai haɗu da ɓawo ba."

Sai na dakata har damina ta sauka. Na yanko rassa masu kaurin fensir da sassafe, na tsinke ganyen, na fiƙe gindin kowanne ta gefe biyu da sabuwar reza. Na tsaga kan dashen, na cusa reshen yadda koren da ke ƙarƙashin ɓawonsu zai haɗu, ko da ta gefe ɗaya ne. A nan na kuskure da farko. Na ɗaure tam da leda, na kifa wata a sama, na kai inuwa.

Jiran ne mai wuya. Hannuna na ƙaiƙayi, amma ban kwance ba. Tohon da ya fito ƙasan ɗaurin kawai nake cirewa. Cikin mako na uku 7 suka toho.