Allurar kashe zafin jijiyar fuska: yadda ake yinta da abin da za ka kula da shi

Wannan ciwon da likitoci ke kira tirajeminal niraljiya, wallahi ba ƙaramin abu bane. Zafi ne kamar shokin lantarki a ɓari ɗaya na fuska, ya zo na ƴan daƙiƙoƙi zuwa minti 2 ya lafa, kuma abu kaɗan ke tayar da shi, asuwaki ko tauna ko ruwan alwala, har iskar hunturu. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa sai an cire musu haƙora lafiyayyu kafin a gane jijiya ce.

To da farko dai ƙwaya ake fara bayarwa, carbamazepine ko oxcarbazepine. Allurar tana shigowa ne idan ciwon ya tashi gadan-gadan mutum ya kasa cin abinci, ko ƙwayar bata gama kama jiki ba.

Kafin ka je, ka lura da kyau inda zafin yake, domin jijiyar reshe uku gareta, na goshi da ido, na kumatu da leɓen sama, sai na muƙamuƙi da haɓa, kuma bayaninka ne zai nuna wa likita inda zai nufa. Ka gaya masa in kana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko aspirin, ko kina da juna biyu, ko allurar cire haƙori ta taɓa baka matsala.

Aikin kansa ba ya ɗaukar lokaci. Zai goge wurin, ya lalubo ɗan ramin ƙashin da jijiyar ke fitowa, a gira ko ƙasan ido ko gefen haɓa, ya soka siririyar allura, ya ɗan zuƙa da sirinjin tukuna ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba sannan ya tura maganin a hankali. Cikin magungunan kashe zafin da ake sa wa a allurar, lidocaine na kamawa cikin mintuna amma awa 1 zuwa 2 ya sake, bupivacaine ya fi daɗewa, wasu kuma sauƙin kan kai su kwanaki ko makonni bayan maganin ya fita. In reshen na can ciki ne sai an haɗa da na'urar hoto.

Don Allah kar a yi wannan a kemis ko a gida. Aikin likitan kashe zafi ne ko na tiyatar baki da fuska, saboda in maganin ya shiga jini yana iya kawo jijjiga ko ya taɓa zuciya. Ka ji ƙara a kunne ko ɗanɗanon ƙarfe a baki ko jiri, ka faɗa nan take.

Bayan an gama wurin zai mutu na ɗan lokaci, ba za ka ji komai a wurin ba, kar ka sha shayi mai zafi ko ka yi tauna sai ya sake, in ba haka ba ka ciji leɓe baka sani ba. Kuma kar ka ajiye ƙwayarka don ka ji sauƙi, allurar hutu take baka, bata cire sanadin. In ciwon yana ta dawowa ka nemi a yi maka hoton MRI, sau da yawa jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuskar, kuma akwai tiyatar da ake raba su.