Darasi na 7: Bashin kamfani da rabon mai hannun jari

Wanda ya sayi hannun jari ya zama abokin tarayya a kamfani, kamar mutum biyar da suka haɗa kuɗi suka kafa injin niƙa a kasuwar Tawa. In an ci riba a raba, in an faɗi kowa ya ji a jikinsa. Amma akwai wanda ake sallama kafin masu inji su taɓa ko dala: mai bin bashi.

Za mu ga wannan a lissafin AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya, mai hedkwata a garin Leuven na Beljiyam. Mun ɗauko shi ne don lissafinsa a fili yake. Malamanmu sun yi bayani cewa Musulmi ba ya zuba jari a sana'ar giya, don haka tambayar farko kullum ita ce: me kamfanin yake sayarwa? Suna kaɗai ba ya faɗa. A kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda Nijar ke cikinta, akwai BOA Niger, banki ne, akwai kuma Solibra, mai yin giya da lemo.

A 2016 AB InBev ya sayi abokin gogayyarsa SABMiller a kan fiye da Dala biliyan 100 na Amurka, mafi yawan kuɗin kuma rance ne. Ciniki ya ƙaru, amma bashi ya zarce Dala biliyan 100, wato ribar aikin kamfanin ta fiye da shekara huɗu. Ga inda gizo ke saƙar: yana sayar da wani ɓangare na kayansa da kuɗin Brazil, Ajantina da Afirka ta Kudu, alhali galibin bashin da Dala da Yuro zai biya shi. Da darajar kuɗin ƙasashen nan ta faɗi a 2018, sai ya zama kamar ɗan kasuwar da ya ci bashi da sefa, yana karɓar Naira a Ƙonni. Kwalaben da ake sayarwa suna nan, kuɗin biyan bashin ne suka ragu.

A watan Oktoba na 2018 kamfanin ya rage rabon shekara da rabi, daga Yuro 3.60 zuwa 1.80 a kowane hannun jari. Ku juya shi zuwa kuɗinmu: Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Wanda ya saba karɓar wajen 2,360 ya koma 1,180. Rabon shekarar 2020, lokacin annobar korona, Yuro 0.50 ne kacal, sefa 328.

Farashin hannun jarin ma ya bi sahu. A ƙarshen 2015 ya kai Yuro 120, kusan jaka 79. A watan Maris na 2020 ya sauko wajen Yuro 30, bai cika jaka 20 ba. Wanda ya saya a ƙarshen 2015, buƙata kuma ta tilasta masa sayarwa a lokacin, ya rasa kashi uku cikin huɗu na jarinsa. Shi ya sa ba a sa kuɗin cimaka ko na iri a nan.

In za ku sayi hannun jari a BRVM, sai ta hannun dillali mai lasisi, wanda ake kira SGI. Akwai shi a Yamai. Ku nemi rahoton shekara, ku raba jimlar bashi da ribar aiki ta shekara ɗaya. In amsar ta wuce huɗu, ku tambayi dillalin da wane kuɗi ake biyan bashin, kuma yaushe.

Aikin gida: mutum yana da hannun jari 10. Sefa nawa ya karɓa lokacin rabon Yuro 3.60, nawa kuma lokacin 0.50?