Yadda na gyara yoyon ruwan tsohuwar Hilux

Kullum ruwan lagireto na raguwa, in na hau Hawan Kibo zuwa Jos inji ya ɗau zafi, amma ƙasa ba ɗigo. Na canja murfin lagireto, a banza. Baƙin mai bai koma kalar madara ba, salansa ba farin hayaki, alamar gasket ɗin kan inji lafiya ke nan.

Da inji ya huce, na ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, na buga iska zuwa bar 0.9 a agogon matsin iska. Allura ta fara sauka. Da na haska tocila, sai ga ruwa na tsattsafowa ta ƙaramin ramin ƙasan famfon ruwa na inji, kewaye da farin busasshen tabo. Zafin inji ke busar da shi kafin ya ɗiga.

Na cire famfon ruwan, na kankare tsohon gasket ɗinsa tas, na sa sabon famfo, na ɗaure notuna a gicciye. Na zuba kulan (sinadarin sanyaya inji) da ruwa rabi da rabi, hita a kunne, murfi a buɗe, har kumfa ta daina fitowa. Alhamdulillahi, ruwa ya tsaya.