Yadda dattijo zai riƙe ƙarfin ƙafafunsa

Baba, Inna, ƙarfin cinya ke fara raguwa, daga nan faɗuwa take samun mutum. Ku jingina kujera da bango, ku zauna ku miƙe sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba, ku huta minti ɗaya, ku sake. Kwana biyu a mako ya isa farawa. Kar ku riƙe numfashi, yana sa jini ya hau.

Tafiya kuwa, minti 30 kwana biyar a mako. A Maradi bayan sallar asuba ya fi, musamman cikin zafin bazara. Ku sha ruwa kafin fita, ku sa takalmi mai rufe dunduniya, silifa na zamewa a rairayi. In ƙirji ya yi ciwo ko jiri ya kama ku, ku tsaya, ku ga likita.